DAGA BAKIN RIJIYA ZUWA BAHAR MALIYA: SHIRIN MAI NUTSO

A ƙasar Gangara, cikin gundumar Gazawa ta jahar Maraɗi, idan rani ya yi tsanani rijiya ta ja baya, sai a nemi mai yasa. Kafin ya sauka, yakan duba igiyarsa ɗani bayan ɗani, yakan zaɓi mutanen da za su riƙe masa ita, su kuma daidaita a kan alama: idan ya girgiza igiya, a jawo shi ba tare da tambaya ba. Masu hattara sukan fara zura fitila mai ci. In ta mutu a ƙasa, iskar ramin ba ta shaƙuwa, ranar babu sauka.

Irin wannan tsari ne masu nutso a teku suke bi, ko da yake kayan aikinsu dabam ne. Tun shekarar 1943, lokacin da Faransawa biyu, Jacques-Yves Cousteau da Émile Gagnan, suka ƙera na'urar da ke ba mutum iska daga tulun ƙarfe da ya goya a baya, ɗan Adam ya sami ikon yawo a ƙarƙashin ruwa kamar kifi. A 1963 Cousteau ya kafa gidan ƙarfe a zurfin mita 10 a Sha'ab Rumi, cikin Bahar Maliya, arewa da Port Sudan, birnin da jikokin Hausawa mahajjata suke zaune har yau. Mutanensa sun yi wata guda a ciki. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin Afrilu 2023 ya tsayar da zuwan baƙi can. Yawancin jiragen masu nutso daga Masar suke tashi, daga Hurgada da Marsa Alam.

A irin wannan tafiya mutum yakan yi kamar mako guda cikin jirgin ruwa. Nan yake ci, nan yake kwana, yana nutso sau uku ko huɗu a yini, nesa da gari, nesa da asibiti. Ɗan ƙasa da karatu ko aiki ya kai shi Masar, har ya yi niyyar shiga jirgin karo na farko, ya kamata ya fara shiri tun yana tudu.

Na farko, ilimi. Ba a karɓar kowa sai da takardar shaidar koyon nutso, kuma takardar farko ba ta ba mai ita izinin wuce mita 18 ko 20. Wanda ya daɗe bai shiga ruwa ba, sai ya sake bita da malami.

Na biyu, lafiya. Wajibi ne likita ya auna zuciya da huhu da kunne. Dalili kuwa shi ne nauyin ruwa: a mita 10 matsin da ke kan jiki ya ninka na tudu sau biyu, a mita 20 sau uku. Mai mura ba ya nutso, domin kunnensa ba zai daidaita da matsin ba.

Na uku, haƙuri wajen hawowa. A zurfi, iskar nitirojin tana narkewa cikin jini. In mutum ya taso da gaggawa, sai ta yi kumfa kamar kwalbar lemo da aka buɗe farat ɗaya, ta jawo ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko ajali. Don haka ake hawowa sannu, kamar mita 10 a minti, a tsaya minti 3 a zurfin mita 5, kuma ba a riƙe numfashi ko kaɗan. Bayan nutson kwanaki a jere ba a shiga jirgin sama sai an cika awa 18, da yawa ma sukan jira awa 24. Ya kamata matafiyi ya lissafa wannan tun ranar da zai yanki tikiti, ya kuma ɗauki inshorar da za ta biya kuɗin ɗakin matsi, inda ake warkar da wannan cuta.

Na huɗu, jirgin kansa. Ran 2 ga Satumba 2019, wuta ta kama jirgin Conception a gaɓar Kaliforniya ta Amurka, mutum 34 suka rasu a ɗakin kwana na ƙasa. Bincike ya nuna babu mai gadin da ke zagayawa a daren. Ran 25 ga Nuwamba 2024 kuma, jirgin Sea Story ya kife kusa da Marsa Alam, mutum 11 suka mutu ko suka ɓace. Saboda haka, kafin baƙo ya kwance jakarsa, ya nemi a nuna masa ƙofar tsira ya buɗe ta da hannunsa, ya san inda rigar ceto take, ya tambaya ko akwai tulun oksijin da mai gadin dare. Wannan tambaya ba rashin kunya ba ce.

Na biyar, aboki. Ba a nutso mutum ɗaya. Biyu-biyu ake sauka, kowa ya duba kayan ɗan'uwansa, su yi magana da alamar hannu. Tulu yakan ɗauki iska ma'auni 200. Idan allura ta kusa 50, lokacin fita ya yi, komai kyan abin da ido ke kallo. Wanda ya gaji ko gabansa ya faɗi yana da ikon ya ce yau ba zai sauka ba, babu mai zarginsa.

Hausawa sun ce ruwa ba sa'an kwando ba ne. Mai yasar rijiya na Gangara bai taɓa ganin teku ba, amma ya riga ya san dokarta: a duba igiya, a amince da mai riƙo, a fito tun da sauran ƙarfi. Allah ya kiyaye masu sauka, ya maido su ga iyalinsu lafiya.