Garin Ciyar Da 'Ya'yan Aku: Sai Da Na Rasa Biyu Cikin Uku Na Iya Zaɓe

Yau zan ɗan kauce daga maganar kaji da tarwada, in taɓo tsuntsayen ado, domin na lura matasa da yawa da suka fara da kaji hamsin ko ɗari yanzu suna ajiye keji ɗaya ko biyu na ƙananan aku a gefe. Akwai samu a ciki idan mutum ya iya, musamman ɗan da aka raina da hannu, don ya fi sabo da mutane kuma ya fi daraja wajen mai saye. Ni ma haka na shiga. Na shiga da taƙamar cewa wanda ya raini 'yan tsaki ɗari biyar a tsakiyar hunturu, 'ya'yan tsuntsu uku ba za su gagare shi ba. To, sun gagare ni.

Kokatil ce, wannan 'yar akun mai tukku da ɗigon ruwan lemo a kumatu, wadda asalinta daga Ostareliya ne. Ta ƙyanƙyashe uku, sun kai kwana goma sha biyu, sai namijin ya kuɓuce wa yarona wajen sharar keji. Daga ranar uwar ta rage shiga akwatin, washegari ta daina gaba ɗaya. Da na leƙa da safe na tarar da su suna ta kuka, 'yar jakar nan ta gindin wuya inda tsuntsu ke tara abinci ta yi fayau, ba komai a ciki.

Abin da kowane mai kaji zai yi shi na yi. Na ɗebi sitata na 'yan tsaki, na daka, na tankaɗe, na dama da ruwan ɗumi. Na ga kamar bai yi laushi ba, na ƙara garin abincin jarirai na gwangwani, mai madara. Na barbaɗa bitamin ɗin da nake sa wa kaji a ruwa, wai don su yi ƙarfi. Na ɗura musu da sirinji, suka karɓa da zumuɗi, na ce shi ke nan an wuce wajen. Kwana biyu, jakar wuyan ƙaramin ta ƙi sauka. In ka taɓa sai ka ji kamar ƙullu, bakinsa yana warin tsami. Ranar ta uku ya mutu. Na biyun ya bi shi ranar ta biyar. Na ukun ne kawai ya tsira, shi ma don wani dattijo mai sayar da tsuntsaye ya ce min, "Ɗana, ai wannan ba kaza ba ce," ya tura ni wajen likitan dabbobi da kuma inda zan samu garin da aka yi dominsu.

Maganar dattijon nan ita ce gaba ɗayan darasin. Ɗan tsako yana fitowa daga ƙwai da gashinsa, idonsa a buɗe, kafin yamma ya fara tsattsaga. Ɗan aku kuwa tsirara yake fitowa, ido a rufe, ko kansa ba ya iya riƙewa sosai. Masu tattabaru za su fi saurin ganewa, don kamar ɗan shila yake: iyaye ne ke ci, abincin ya jiƙa ya yi ɗumi a jakar wuyansu, sannan su amayo masa baki da baki. Duk abin da za ka ba shi da hannu, wannan aman na iyaye yake maye wa gurbi. Sitata ba a yi shi don haka ba. Ko ka tankaɗe yana da tsaki-tsaki, yana kwanciya a ƙasan jakar ruwan ya wuce ya bar shi, kuma da yawansa akwai maganin kashin jini a ciki wanda aka auna don kaza, ba don aku ba. Madara kuwa, tsuntsu ba ya narkar da sukarin da ke cikinta. Sukarin da ake ƙara wa abincin jarirai shi ma taki ne ga ƙwayoyin da ke sa jakar wuya ta yi tsami. Ni na haɗa duka ukun a kofi ɗaya.

Masu cewa a sa ƙuli-ƙuli ko garin gyaɗa don furotin, ku tuna gubar fumfuna da muke fama da ita a gyaɗa da masarar da ba ta bushe da kyau ba. Abin da ke karya buroila mai kilo biyu, ina ga tsuntsu mai giram talatin?

Garin da ake yi musamman don wannan aiki daga waje yake zuwa, kuma sunayen da za ka fi cin karo da su su ne NutriBird na kamfanin Versele-Laga da ke Beljiyam, Kaytee Exact na Amurka, da Psittacus na Sifen. Kafin a samu irin waɗannan, masu kiwo a Amurka biskit ɗin abincin birai suke jiƙawa su haɗa da wasu abubuwa, kowa da nasa haɗin, kowa da tasa asarar. Kenan ba mu kaɗai muka yi kame-kame ba.

Tambayar da kowa ke yi ita ce, wane kamfani ya fi? Ni dai a ganina ba nan ya kamata a fara ba. Fara da tsuntsun da ke hannunka, sannan ka juya bayan gwangwanin ka karanta lambobi biyu, na furotin da na maiƙo, kamar yadda kake duba buhun abincin kifi. Misali NutriBird yana da A21 da A19. Lambar furotin ce: A21 kashi 21 cikin ɗari, maiƙonsa wajen kashi 8 zuwa 9. A19 kashi 19, amma maiƙonsa ya kai wajen kashi 12, har akwai mai ƙarin ƙarfi da ya fi haka. Kaytee ma yana da na gama-gari mai furotin wajen kashi 22 da maiƙo wajen 9, sannan yana da mai maiƙo da yawa. Ƙananan tsuntsayen da yawancinmu ke ajiyewa, kokatil, baji, labbad da tsirya, na gama-garin nan mai ƙarancin maiƙo ya ishe su. Mai maiƙo da yawa an yi shi ne don irin su makaw na Kudancin Amurka da akun nan tamu mai ruwan toka da jar wutsiya, waɗanda a daji abinci mai mai suke ci, kamar kwakwar manja. Ka ba makaw mara maiƙo, zai tsumbure. Ka ɗirka wa wanda ba ya buƙata mai maiƙo, kitse ne zai taru masa har ya taɓa hanta. Mutane suna ganin lamba 21 ta fi 19, ko kuma wanda ya fi tsada shi ya fi kyau. Ba haka abin yake ba.

Abu na biyu, wanda a ƙasarmu ya fi sunan kamfani muhimmanci nesa ba kusa ba, shi ne lafiyar garin kansa. Saboda tsada, wasu suna fasa babban bokiti su ƙulla a leda, ba suna, ba kwanan wata. Na taɓa saye sau ɗaya, da na buɗe sai warin tsohon man gyaɗa ya buge ni, na zubar. Garin nan akwai mai a cikinsa, kuma zafin watan Afrilu a shago mai rufin kwano ba ya barin mai da bitamin lafiya. Ka nemi wanda hatiminsa bai fashe ba, ka duba ranar ƙarewar wa'adinsa, ka shinshina bayan ka buɗe. In ya dunƙule, ko ka ga ƙwari ko zare-zare kamar saƙar gizo, kar ka yi tausayin kuɗinka. A gida kuma a rufe shi ruf, a ajiye a firji in akwai wuta, in babu a nemi wuri mafi sanyi da bushewa a ɗaki, kuma kar a sa jiƙaƙƙen cokali a ciki.

Wannan ya kawo mu lissafi, don kar ka sayi abin da zai lalace a hannunka, ko wanda zai ƙare a tsakiyar hanya. Ana ba ɗan aku kimanin kashi 10 cikin ɗari na nauyinsa a kowace ciyarwa. Ɗan kokatil mai giram 50 zai sha wajen mil 5, sau huɗu a rana, mil 20 kenan, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne gari, saura ruwa. Ka ga giram 5 ko 6 na gari a rana ga tsuntsu ɗaya. Uku na tsawon mako shida, in ka haɗa da wanda ke zubewa, kana maganar wajen kilo ɗaya. Babban aku kuwa da ke kai wata uku ko fiye kafin a yaye shi, shi kaɗai zai cinye kilo da yawa. Ka sayi abin da zai kai ka yaye tun daga farko, domin wanda ka samu yau ba lallai ka same shi wata mai zuwa ba. In dole ta sa ka canza, kar ka yi shi rana ɗaya. Ka riƙa haɗa tsohon da sabon kana ƙara sabon a hankali na 'yan kwanaki.

Gari mai kyau ma yana kashewa idan aka dama shi ba daidai ba, kuma sau da yawa nan ne ake ɗora wa kamfani laifin da ba nasa ba. Kowane gwangwani yana da jadawalinsa, a bi shi. Gaba ɗaya dai sabon ƙyanƙyasa ruwa-ruwa ake ba shi, kamar awo ɗaya na gari a awo shida na ruwa, kusan duk bayan awa biyu. Ana rage ruwan kullum, har bayan kwana biyar ya koma wajen awo ɗaya a awo biyu, kaurin koko mai kyau. A tafasa ruwan tukuna a zuba a filas. Lokacin ba shi, zafin abincin ya kasance tsakanin digiri 38 da 41. Ka sayi ma'aunin zafi, kar ka dogara da bayan hannunka. In ya yi zafi yana ƙona jakar wuya, kuma ba za ka gani ba sai bayan kwanaki fatar ta huje. In ya yi sanyi ya ƙi sauka. Shi kansa ɗan, in yana jin sanyi ba ya narkar da komai: sabon ƙyanƙyasa yana son wajen digiri 35, ana ragewa yayin da gashi ke fitowa. Amma fa ban da tukunyar gawayi a rufaffen ɗaki, don aku ba ya jure hayaƙi.

Kowace ciyarwa sabon damu. Wanda ya rage a zubar, a wanke sirinji da kofi tas. Kuma sai ɗan ya fara kaɗa kai yana neman abinci za ka matsa sirinjin a hankali, ta gefen hagu na bakinsa kana nufar damansa. In ka danna da ƙarfi lokacin da bai shirya ba, abincin ya bi ta huhu, nan take za ka rasa shi.

Sai ɗabi'armu ta masu kaji wadda ta fi wuyar bari: ƙara bitamin a komai. Garin nan an riga an auna masa kalsiyam da bitamin D3 ɗinsa. Ƙari a kai yana iya lalata ƙoda. Kar a ƙara ƙwai, kar a ƙara zuma, kar a ƙara maganin rigakafi sai likita ya ce.

In abin ya same ka da dare kamar yadda ya same ni, kuma babu gari a kusa, fara ɗumama ɗan. In kana da wata uwar mai 'ya'ya sa'anninsa, gwada sa mata shi kana lura. In babu, ɗan kunun hatsi mai ruwa-ruwa da aka tace sosai, ba madara, ba sukari, ba tsami, zai iya riƙe shi kwana ɗaya ko biyu kafin ka samo na ainihi. Riƙo ne kawai, ba abinci ba ne.

Game da aku mai jar wutsiya, akwai maganar da ba zan tsallake ba. A taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Johannesburg ta Afirka ta Kudu a 2016, an sa ta a rukuni na ɗaya, wato an hana cinikin waɗanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, kuma Najeriya tana da dokar kare irin waɗannan halittu tun 1985. In wani ya kawo maka 'ya'yanta a kwali da araha, ba iyaye, ba takarda, akwai yiwuwar daga kogon bishiya aka kwaso su a dazukan kudu ko Kamaru. Ban da matsalar hukuma, irin waɗannan kan iso a galabaice da cuta, su shafa wa sauran tsuntsayenka. Mai farawa ya tsaya kan baji da kokatil da aka haifa a keji.

Yadda za ka san ko garin da ka zaɓa ya karɓe shi kuwa, sikeli ne zai faɗa maka. Ka nemi ƙaramin sikeli mai nuna giram, ka auna ɗan kowace safiya kafin ya ci, ka rubuta a littafi. Jakar wuya ta wayi gari fayau, nauyi yana hawa kullum, kashi yana fita daidai: ka ci gaba. Nauyi ya tsaya ko ya ragu kwana biyu a jere alhali bai kai lokacin yaye ba, nemi likita ranar. Daf da fara tashi ne kawai suke ɗan rage nauyi da kansu, wannan ba komai.

Nawa da ya tsira giram 31 ne ranar da na fara rubutawa. Ya ɗan tsaya kwana biyu kafin jakar ta warware, daga nan ya riƙa hawa. A mako na shida ya fara wasa da gero a ƙasan akwati, a na tara ya ture sirinjin da baki. An taya shi sau uku ban sayar ba. Yanzu haka da na shiga ɗakin kaji da safe, yana kafaɗata yana jan igiyar hulata.