Piya-piya: gubar da ke shiga buhun wake a ƙasar Arewa

Da zarar an gama roron wake a gundumomin Dogondutsi da Tibiri na jihar Dosso, sai damuwar ajiya ta taso, domin ƙwari kan huda wake cikin 'yan watanni. Wasu manoma da 'yan kasuwa kan nemi mafita wajen maganin da aka fi sani da piya-piya, wanda akasari daga Najeriya yake shigowa.

Sunan sinadarin da ke cikinsa diklorbos, ana rubuta shi DDVP a jikin kwalba. Ruwa ne mai saurin tashi ya bi iska, shi ya sa yake kashe ƙwari nan take a rufaffen wuri. Yana aiki ne ta hanyar toshe wani sinadarin jiki da ke tsayar da saƙon jijiya bayan ya isa. Idan aka toshe shi, jijiyoyi ba sa hutawa. Abin da ya kamata a sani shi ne jikin mutum ma yana da wannan sinadari.

Gubar tana shiga ta hanci, ta baki, har ta fata. Alamunta sun haɗa da dalalar miyau, zufa, amai, tsukewar ƙwayar ido da sarƙewar numfashi. Wanda ta kama, a fid da shi waje ya sha iska, a tuɓe masa tufafin da suka jiƙe, a wanke jikinsa da sabulu, a garzaya da shi likita tare da kwalbar. Kada a sa shi amai, kada a ba shi madara ko manja. Likitoci na da allurar atropin da ke ceton rai idan an zo da wuri.

Hukumar lafiya ta duniya OMS ta sa shi cikin rukunin magunguna masu matuƙar haɗari. Tarayyar Turai ta hana amfani da shi a gona tun 2007, kuma kwamitin CILSS mai tantance magungunan ƙwari a Sahel bai ba shi izini ba.

Duk da yana rushewa cikin kwanaki, yana narkewa a ruwa, yana kashe kifi da ƙudan zuma. A fadamar Dallol Mawri, inda ruwa ke kusa kuma ake noman rani, wanke abin feshi a bakin rijiya ganganci ne.

Akwai hanyar da ba ta buƙatar guba: buhun PICS mai riɓi uku, wanda aka soma yaɗawa a Nijar a 2007 tare da cibiyar INRAN. A shanya wake ya bushe sarai, a ɗaure kowane riɓi daban, rashin iska zai kashe ƙwarin.