Daga Rex Zuwa Ado Bayero Mall

A 1937 aka buɗe silimar Rex a Kano, sannan Palace, Plaza, Orion da Eldorado suka biyo baya, akasarinsu mallakar Kwarori. Da yawansu ba su da rufi, don haka sai duhu ya shiga ake haska fim. Idan hadari ya taso, kallo ya watse. Finafinan Indiya ne ke cika gida, samari suna bin waƙoƙin ba tare da jin Indiyanci ba. Iyaye kuwa suna ɗaukar wurin matattarar 'yan iska.

Kaset ɗin bidiyo ya karya kasuwar.

Daga baya aka buɗe silima a Ado Bayero Mall mai kujerun katifa, sanyin AC da gugguru, har iyalai suka riƙa zuwa kallon finafinan Kannywood, duk da tsadar tikiti.