Daga 'Hausawan Glover' zuwa Super Tucano: Yadda sojin ƙasa da na saman Najeriya suka samo asali

A daren Lahadi 3 ga watan Disambar 2023, bam ya faɗa kan masu taron Maulidi a ƙauyen Tudun Biri da ke ƙaramar hukumar Igabi a jihar Kaduna. Hukumar agajin gaggawa ta NEMA ta ce an binne mutum 85.

Da gari ya waye, jama'a da dama sun ɗora laifin kan sojin sama, tunda abin daga sama ya zo. Sai rundunar ta ce ba jirginta ba ne. Daga baya ta tabbata cewa jirgi maras matuƙi na sojin ƙasa ne ya yi ɓarnar.

Lamarin ya sa mutane tambaya: ina aikin sojin ƙasa ya tsaya, ina na sojin sama ya fara? Amsar tana cikin tarihin rundunonin biyu, waɗanda shekara ɗari ke tsakanin haihuwarsu.

Mutum 18 a Legas

Rundunar sojin ƙasa tana lissafin tarihinta ne daga 1863, lokacin da wani hafsan sojin ruwan Birtaniya, John Glover, ya tara mutum 18 a Legas domin kare harkokin Turawa. Akasarinsu masu jin Hausa ne da suka kuɓuta daga bauta, shi ya sa ake ce musu Hausawan Glover.

Wannan ƙaramar runduna ta bunƙasa har aka haɗe ta da wasu a ƙarƙashin rundunar Yammacin Afirka ta WAFF, wadda Frederick Lugard ya jagoranci kafawa. Da ita Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Hafsoshin Turawa ne, amma masu riƙe da bindigogin 'yan ƙasa ne, kuma Hausa ta daɗe tana zama harshen bariki.

A Yaƙin Duniya na Biyu, dubban 'yan Najeriya sun yi yaƙi da Japanawa a dazukan Bama. Bayan samun 'yanci a 1960, Bature ne ya ci gaba da riƙe rundunar har zuwa 1965, da aka naɗa Manjo Janar Aguiyi-Ironsi.

Soja ba jirgi

A farkon shekarun 1960, Najeriya ta tura dakaru aikin kiyaye zaman lafiya a Kongo, sannan Tanganyika. Amma ba ta da jirgin soja ko ɗaya da zai kwashe su, sai ta dogara da na wasu. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yanke shawarar kafa rundunar sojin sama.

An tura ɗaliban farko koyon tuƙi a Habasha da Kanada da Indiya, kuma majalisa ta zartar da dokar kafa rundunar a watan Afrilun 1964. Jamus ta Yamma ce ta taimaka wajen gina ta, har shugabanta na farko, Kanar Gerhard Kahtz, Bajamushe ne. Ɗan Najeriya na farko da ya riƙe ta, George Kurubo, daga sojin ƙasa aka ɗauko shi a 1966.

Yaƙin basasa ya sauya komai

Rundunar ba ta wuce shekara uku ba yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yulin 1967. Da ƙasashen Yamma suka ƙi sayar wa gwamnatin Yakubu Gowon jiragen yaƙi, sai ta juya ga Tarayyar Sobiyat, ta samo MiG-17, kuma matuƙa 'yan Masar suka tuƙa wasu daga ciki.

Sojin ƙasa kuwa, daga kimanin 10,000 kafin yaƙin, sun kai kusan 250,000 a 1970. Irin wannan ƙarfi ya zo da tsadarsa: tsakanin 1966 da 1999, sojoji ne suka mulki ƙasar, in ban da shekara huɗu na Shehu Shagari da 'yan watannin gwamnatin riƙon ƙwarya ta 1993.

A shekarun 1990, rundunonin biyu ne ƙashin bayan dakarun ECOMOG a Laberiya da Saliyo. A daidai lokacin ne kuma aka yi babban rashi: ranar 26 ga Satumbar 1992, jirgin C-130 ya faɗi a Ejigbo da ke Legas, ya hallaka mutum sama da 150, yawancinsu hafsoshin da ke karatu a kwalejin soja ta Jaji.

Me doka ta ce?

Sashe na 217 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa sojoji kare ƙasa daga abokan gaba na waje, da tsare iyakokinta ta ƙasa da ruwa da sama, da murƙushe tawaye, da taimaka wa hukumomin farar hula idan shugaban ƙasa ya nema.

A bisa tsari, sojin ƙasa ne ke kama wuri su riƙe shi. Sojin sama kuma su leƙo asiri, su kai hari, su kwashe dakaru da waɗanda suka ji rauni. Amma tun bayan ɓarkewar rikicin Boko Haram a 2009, da ta'azzarar 'yan bindiga a arewa maso yamma, aikin cikin gida ya rinjayi komai. Abokin gaba yanzu ba ya sanye da kaki, kuma sau da yawa yana cikin jama'a.

Saboda haka aka sayo sababbin jirage. A 2021 Super Tucano 12 suka iso daga Amurka kan kusan dala miliyan 500, aka girke su a Kainji, sai JF-17 guda uku daga Pakistan. Su ma sojin ƙasa suka fara mallakar jirage marasa matuƙa da masu saukar ungulu.

Kuskuren da ke cin rai

Ba a Tudun Biri aka fara ba. Ranar 17 ga Janairun 2017, jirgin sojin sama ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a jihar Borno, ya kashe gomman mutane, har da ma'aikatan agaji.

Bayan Tudun Biri, hafsan sojin ƙasa na lokacin, marigayi Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya je ƙauyen ya nemi gafara. A watan Mayun 2024 hedikwatar tsaro ta ce za a gurfanar da jami'ai biyu a kotun soja.

Sojojin su ma suna biyan nasu farashin. A watan Mayun 2021 hafsan sojin ƙasa, Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, ya rasu a haɗarin jirgin sojin sama a Kaduna tare da wasu mutum goma.

Ga mutumin ƙauye a Zamfara ko Borno, ƙarar jirgi na iya zama ceto, tana kuma iya zama ajali. Bambancin ya rataya ne a kan sahihancin bayanan da na ƙasa suka bai wa na sama, da kuma ko akwai wanda zai amsa tambaya idan aka yi kuskure.