Wasan Dungeons & Dragons: Masu Sihiri Huɗu, Kowa Da Inda Ya Samo Nasa

A shekarar 1974 ne waɗansu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons, wanda kamfanin TSR na garin Lake Geneva a jihar Wisconsin ya buga. Wasan tamkar tatsuniya ce da mutum huɗu ko biyar ke haɗuwa su tsara a kan teburi. Ɗaya shi ne mai ba da labari kuma alƙali, sauran kuwa kowa ya ɗauki jarumi guda ya zama bakinsa. Kayan wasan su ne takarda da fensir da 'yan ƙwayoyi irin na ludo, waɗansu masu fuska 20, kuma su ne ke yanke hukuncin nasara ko faɗuwa. Sihirin da ake faɗa a ciki duk ƙage ne na labari, lissafi ne a kan takarda.

To, babbar tambayar da ke fuskantar sabon ɗan wasa ita ce: wane irin mai sihiri zai ɗauka? Ga wanda bai san wasan ba, duk ɗaya suke. Amma dokoki sun raba su bisa abu biyu, watau inda kowa ya samo ƙarfinsa, da kuma abin da yake biya.

Na farko shi ne mai littafi, wanda Turawa ke kira wizad. Shi ɗan koyo ne, da karatu ya sami abin da ya samu. An ɗauko tsarinsa daga littafin marubucin nan Jack Vance mai suna The Dying Earth na 1950, inda mai sihiri ke haddace siddabaru, da zarar ya yi amfani da shi sai ya ɓace masa daga ka. A dokokin farko, sabon mai littafi siddabaru ɗaya tak yake da shi a yini, ba ya sa sulke, kuma sara ɗaya na iya gamawa da shi. Bisa dokokin 2014, yana farawa da siddabaru shida a littafinsa, yana ƙara biyu a kowane mataki, yana kuma iya kwafo waɗansu in ya biya zinariya ya ɓata lokaci. Ya fi kowa yawan dabaru, amma ranar da littafin ya ƙone ko aka sace, ya shiga uku.

Na biyu shi ne ɗan gado, ko sosara, wanda ya shigo a bugu na uku a shekarar 2000. Wannan a jininsa abin yake, alal misali a ce kakansa na can baya dodo ne mai aman wuta. Ba ya bukatar littafi ko kaɗan. Sai dai maganar nan ta ɗan na gada ya fi ɗan na koya ba ta zauna daidai a nan ba, domin a dokokin 2014 da siddabaru biyu yake farawa, kuma ko ya kai mataki na 20 bai wuce 15 ba, in ban da 'yan ƙanana. Abin da ya fi mai littafi da shi kawai shi ne sarrafa ɗan abin da ya sani: ya tsawaita shi, ko ya jefa shi nesa, ko ya yi shi ba tare da ya ko motsa baki ba.

Na uku, mai ubangida, ko walok, ya fara bayyana a 2004. Shi bai yi karatu ba, bai kuma gada ba, yarjejeniya ya ƙulla da wata babbar halitta ta cikin labarin. Daga mataki na biyu har na goma, sau biyu kacal yake iya sakin babban siddabaru, amma hutun sa'a ɗaya ya isa ya dawo masa da ƙarfinsa, alhali sauran sai sun kwana sa'a takwas. Illarsa ita ce bashi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma mai ba da labari yana da ikon ta da ubangidan nan ya nemi haƙƙinsa a lokacin da ba a so.

Na huɗu shi ne mai hidimar ɗakin bauta, ko kilarik, wanda yake cikin rukuni uku na asali tun 1974, tare da mayaƙi da mai littafi. A wancan lokaci an hana shi makami mai kaifi, kuma ba ya samun siddabaru sai ya kai mataki na biyu. Ƙarfinsa aro ne daga abin da yake yi wa hidima a cikin labarin. Yana sa sulke, yana riƙe garkuwa, kuma shi aka fi dogara da shi wajen warkar da raunuka.

Wannan bambanci ba ƙaramin abu ba ne ga masu wasan, domin jarumin da mutum ya yi watanni yana renonsa kan iya mutuwa a zama ɗaya. Ayarin da kowa ya ɗauki mai jefa wuta aka rasa mai warkarwa, ba kasafai yake fita daga kogo da rai ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka tsofaffin 'yan wasa kan shawarci sabon shiga da ya fara tambayar abin da ayari ya rasa, sa'an nan ya dubi halinsa. In mai son shiri da lissafi ne, ga littafi nan. In kuwa rigimar labari yake so, to, ya nemi ubangida, amma ya kwana da sanin cewa akwai ranar biya.