Wankin Ƙoda a Gumel: Tsadar Na'ura da Arhar Rigakafi

Bahaushe ya raɗa wa aikin suna "wankin ƙoda", kuma sunan ya bi shi. To amma ba ƙodar ake wankewa ba. Jinin majinyaci ake zuƙowa ta wata siririyar tiyo, a bi da shi ta cikin matata, a tace guba da ruwan da suka taru, sannan a mayar masa da shi jiki. Kalmar "wanki" kuwa tana sa wa mutum tunanin tufafi: a wanke, a shanya, a ɗauka fes. Shi ya sa iyali kan sayar da gona ko sa, da zaton sau biyu ko uku za a yi a huta. Gaskiya ne akwai wanda ƙodarsa kan tsaya na ɗan lokaci ta farfaɗo. Amma wanda tasa ta mutu murus, shi da na'ura mutu-ka-raba, sai fa in an yi masa dashe, irin wanda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya soma a 2002.

Tun da likita Willem Kolff ya haɗa na'urar farko a ƙasar Holan a 1943, ta tsawaita rayuwar miliyoyin mutane. Sai dai tana da ci. A ƙa'ida, majinyaci zai hau ta sau uku a mako, awa huɗu-huɗu. Kowane zama yana shan kimanin lita 120 ta tataccen ruwa, ga lantarkin da ba a so ya ƙifta, ga matata da tiyo da ake sayowa daga waje da dala, ga ƙwararrun ma'aikatan jinya da mai gyara. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da rage kuɗin zama ɗaya daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta. Mai karatu ya buga lissafi: zama 156 a shekara, a tsohon farashi naira miliyan 7.8 ke nan, a sabon kuwa kusan miliyan 1.9. Albashi mafi ƙanƙanta da aka amince da shi a 2024, wato naira 70,000, bai wuce 840,000 a shekara ba.

Saboda haka ajiye cibiyar wankin ƙoda a Babban Asibitin Gumel, da matakin da gwamnatin Jigawa ta ɗauka na yin aikin kyauta, abin yabo ne. Mutumin Ɗanzomo ko Maigatari ko Gagarawa ya huta da zaryar Kano. Amma kyauta ga majinyaci ba kyauta ba ce ga baitulmali, kuma kuɗin mota da kwanakin da manomi ya rasa a tsakiyar damina suna nan a wuyansa. Ban da haka, ko da ana zubi uku a rana, kwana shida a mako, na'ura ɗaya mutum shida kacal za ta iya riƙewa bisa ƙa'ida. Ina na bakwai zai nufa?

A nan ne ya kamata mu bambanta tsada da daraja. Manyan abubuwan da ke kashe ƙoda su ne hawan jini da ciwon sukari, waɗanda kan yi shekaru suna ɓarna a ɓoye. Sai kuma yawan shan magungunan kashe ciwo irin su diclofenac ba da izinin likita ba, da haɗe-haɗen da ake talla a kasuwanni ba a san abin da ke ciki ba, da aikin ƙarfi cikin zafin rana ba tare da isasshen ruwan sha ba. Kayan gano matsalar da wuri ba su da kwarjini: ma'aunin hawan jini, da na sukari, da ɗan tsinken gwajin fitsari. Ba su buƙatar janareto. Kuɗin wankin mutum ɗaya na shekara zai wadata ƙananan asibitoci da dama da su. Sai dai ba a yanka zare a kansu, ba a gayyato 'yan jarida, don haka ba su cika jan hankalin masu mulki ba.

Ba cewa ake a rufe cibiyar Gumel ba. Wanda ya riga ya kamu yana da haƙƙin rayuwa. Abin da ake nema shi ne daidaito. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya domin lafiya a matakin farko. Daga wannan asusu, a tabbatar da cewa duk baligin da ya shiga asibiti a Ɗanzomo ko Sule Tankarkar, ko da zazzaɓi ya kai shi, an auna jininsa, kuma in an sami hawa ya sami magani duk wata ba yankewa. Duk kwangilar sayen na'ura ta zo da ta gyara da horar da mai gyaran. Hukuma ta riƙa bayyana wa jama'a na'urori nawa ke aiki, mutum nawa ke jiran layi. Gidajen rediyo da limamai kuma su riƙa cewa "tace jini", domin mutane su san abin da na'urar ke iyawa da abin da ba ta iyawa.

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. A sha'anin ƙoda, ya kuma fi shi arha nesa ba kusa ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.