Daga makilin zuwa ruwan burtsatse: Sandar awon da ke bambance magani da guba

Uwargidan da ke jefa 'yar kanwa a miyar yakuwa domin ta kashe tsami, ilimin sinadarai take aiki da shi, ko da ba ta taɓa leƙa ɗakin gwaje-gwaje ba. Harshenta ne ma'auninta. Sai dai akwai kayan gida da yawa waɗanda harshe ba ya iya yanke musu hukunci: sabulun wanka, ruwan bilic, makilin, da jarkokin ruwan da ɗan garuwa ke sauke wa iyali kowace safiya a Nyanya ko Lugbe. Waɗannan sai an nemo na'ura.

Ma'aunin tsami da ake kira pH, wani masani ɗan ƙasar Denmak mai suna Søren Sørensen ne ya ƙirƙiro shi a 1909. Yana tashi daga 0 zuwa 14. Ruwa tsantsa yana kan 7. Duk abin da ya yi ƙasa da haka mai tsami ne, abin da ya haura kuma ɗabi'ar kanwa gare shi. Ruwan lemon tsami yana wajen 2, sabulun wanka na dunƙule tsakanin 9 da 10, bilic kuwa yakan wuce 11. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne kowane mataki ɗaya ninki goma ne. Farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori yakan fara narkewa idan tsamin baki ya sauka ƙasa da 5.5, alhali lemon kwalba nau'in kola yana wajen 2.5. Tazarar mataki uku ke nan, wato ninki dubu.

Na'urar auna shi ta zo daga baya. A 1934 Arnold Beckman ya ƙera ta a Kalifoniya ta Amurka, bayan wani abokinsa da ke aiki da manoman lemo ya kawo masa kukan cewa ya rasa hanyar auna tsamin ruwan lemon tsami yadda ya kamata. Zuciyar na'urar ita ce sandar awo, wadda masana ke kira ilektirod: siririn bututu mai ɗan ƙwan gilashi a bakinsa. Idan aka tsoma shi a ruwa, bambancin tsami tsakanin cikin gilashin da wajensa yakan haifar da ɗan ƙarfin lantarki, kimanin milibolt 59 ga kowane mataki ɗaya a zafin digiri 25. Na'urar sai ta mayar da wannan lamba.

Lambar nan tana da amfani ko a banɗaki. Bilic yana zama lafiya ne muddin yana can sama a ma'auni. Da zarar aka gauraya shi da ruwan wanke masai mai tsami, sai ya saki iskar kulorin, wadda ke ƙona huhu.

Batun fuloraid ya fi wannan sarƙaƙiya, domin sinadari ne mai fuska biyu. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, yana hana shi ruɓewa, har ta kai Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya makilin mai fuloraid cikin jerin muhimman magungunanta a 2021. Makilin manya yakan ƙunshi kashi 1,000 zuwa 1,500 cikin miliyan. Amma a ruwan sha, iyakar da hukumar ta shata miligiram 1.5 ce a kowace lita, kuma ita ce iyakar da ƙa'idar ingancin ruwan sha ta Najeriya ta ɗauka. Ke nan makilin ya ninka wannan iyaka kusan sau dubu. Shi ya sa ake tofar da shi, kuma shi ya sa ake cewa a lakata wa ƙaramin yaro abin da bai wuce ƙwayar wake ba.

A 1966 Martin Frant da James Ross suka fito da sandar awon fuloraid. A maimakon gilashi, bakinta ɗan ƙanƙanin lu'ulu'u ne na sinadarin lantanom fuloraid, wanda kusan ba abin da ke ratsa shi sai ƙwayoyin fuloraid. Aiki ne mai sauri, kuma ba ya bukatar babban gini. To amma sandar tana da sharaɗi: fuloraid ɗin da ke yawo a sake kaɗai take gani. Idan ruwan ya cika tsami, sinadarin yakan sauya kama ya ɓace mata. Idan ya karkata wajen kanwa, wasu ƙwayoyi na daban sukan ruɗe ta, ta ba da lambar da ta zarce gaskiya. Idan kuma akwai alminiyam ko ƙarfe a narke cikin ruwan, sukan riƙe fuloraid su hana ta ganinsa. Saboda haka kafin a auna, sai an zuba wani ruwan haɗi da ake kira TISAB, wanda ke tsayar da tsamin tsakanin 5 da 5.5, ya kuma kwance fuloraid daga hannun waɗancan ƙarafa. A taƙaice, wanda bai daidaita pH ba, bai auna fuloraid ba.

Makilin ma yana da nasa tarkon. Akwai wanda ake yi da sodiyam fuloraid, akwai kuma mai monofulorofosfet, wanda sandar ba ta ganinsa sai an fara farfasa shi da asid. Ma'aikacin da ya tsallake wannan mataki zai iya ɗora wa kaya mai kyau laifin jabu. A ɗaya ɓangaren, idan aka haɗa sodiyam fuloraid da garin alli a bututu guda, allin yakan ɗaure shi sannu a hankali, musamman idan kayan ya daɗe a shago mai zafi. Lambar da ke jikin kwali tana nan yadda take, amma abin da ke isa ga haƙori ya ragu. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ce ke da alhakin rajistar makilin da ruwan leda, kuma wannan bambanci tsakanin abin da aka zuba da abin da ke aiki shi ne tambayar da ta cancanci a riƙa yi wa duk mai neman lambarta.

Wanda yake ganin wannan duk surutun malaman kimiyya ne, ya tambayi mutanen Tibiri ta jihar Maradi a Jamhuriyar Nijar. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 garin ya riƙa sha daga wata rijiyar burtsatse mai zurfi, har kusan shekara 15. Ruwan garau yake, ba wari, ba ɗanɗano. Amma fuloraid ɗin cikinsa ya ninka iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau uku. Haƙoran yara suka rine, ƙafafun ɗaruruwansu suka lanƙwashe, wasu suka nakasa har abada. Gwajin da zai iya tona asirin ruwan bai wuce aikin 'yan mintuna ba, kuma na'urarsa ta kusa shekara 20 a duniya lokacin da aka fara shan rijiyar.

Mu ma ba mu tsira ba. Masu bincike sun daɗe suna ba da rahoton rinewar haƙora a yankin Langtang na jihar Filato da Kaltungo ta jihar Gombe, inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke kwasar fuloraid daga duwatsu. Ga kuma zafi: mazaunin ƙasa mai rana ya fi na ƙasar sanyi shan ruwa, don haka ya fi shi tara sinadarin ko da ma'aunin ruwansu ɗaya ne. Ita kanta hukumar ta duniya ta shawarci ƙasashe su yi la'akari da yanayinsu wajen shata tasu iyakar. A Abuja, wanda famfon madatsar Usuma ke kai wa ruwa yana shan abin da aka tace a wuri guda. Ma'aikacin da tsadar haya ta kora bayan gari kuwa, galibi burtsatsen mai gida ko na maƙwabci ya dogara da shi, kuma kowace rijiya da irin dutsen da ta huda.

A nan ne batun ya shigo ofis. Duk wanda ya taɓa rubuta takardar sayen kaya ya san na'ura ta fi sauƙin shiga kasafi, domin ana ganinta, ana ɗaukar ta hoto ranar ƙaddamarwa. Ruwan saita ta, mai lamba 4 da 7 da 10, shi ne ake mantawa da shi, alhali ana bukatarsa duk ranar da za a yi awo, kuma yana da wa'adin lalacewa. Sandar gilashi idan ta bushe a aljihun tebur takan sangarce, sannan ko da kulawa, shekara ɗaya zuwa biyu take yi a sauya ta. Mafi muni, na'urar da ba a saita ba ba ta yin shiru; lamba za ta bayar, a rubuta a takarda, a buga hatimi. A ganina, kwangilar burtsatsen da ba ta zo da sakamakon fuloraid da ranar da aka saita na'ura ba, bai kamata jami'i ya sa mata hannu ba.

Magidancin da ke son sanin halin rijiyarsa, ya ɗebi ruwan a tsabtatacciyar gorar roba, ba kwalba ba, domin fuloraid yana ma'amala da gilashi, ya kai ɗakin gwaji, ya kuma ambaci fuloraid da sunansa a cikin abin da yake so a duba. Idan sakamakon ya haura 1.5, tafasawa ba za ta yi magani ba. Tururi ne ke tashi, sinadarin ya zauna a tukunya ya ƙara kauri. Abin da ke rage shi sai matatar gawayin ƙashi, ko ta alumina, ko na'urar da ke matsa ruwa ta cikin siririyar fata, ko kuma a sauya wa yara ruwan sha tun haƙoransu na dindindin ba su gama ginuwa ba, wato kafin su kai shekara takwas.